Sittin da Uku a Kan Allo

A garinmu Bualeki, in ka ce "ƙuri'ar raba gardama" a gaban tsoho, sai ka ga ya daina tauna. Ermelinda ta san haka sarai, don a nan aka yanke mata cibiya, amma shekara shida da ta yi karatu a Dili, babban birnin ƙasa, ta sa tana ganin an wuce wannan zamanin. Ta dawo tana koyarwa a firamare, da allonta da allinta da taurin kai irin na ubanta.

Abin da ke ci mata tuwo a ƙwarya shi ne majalisar gari. Kujeru tara ne, kuma ɓangaren da ya fi ƙuri'a, ko da ɗaya tak ya fi, shi ke kwashe su duka. Unguwarsu Ailoro, can gindin dutse, ba ta taɓa samun ko ƙafar kujera ba. Ita so take a raba kujerun gwargwadon ƙuri'ar kowa, a san cewa mutanenta ma mutane ne. Ta yi ta naci har dagaci Zeferino ya gaji ya ce to, a tambayi gari.

Ran Lahadi bayan an fito daga coci aka yi muhawarar. Ta jera zangarniyar masara tara a kan benci, ta ware biyu gefe.

"Kun gani? Waɗannan biyun namu ne. Ba mu ce a ba mu na kowa ba."

Zeferino ya gyara zaman zakaransa a hammata. "Malama, direba tara a mota ɗaya? Ai sai rami."

"Haba Kawu, motar taka da direba ɗayan ma ba ta taɓa hawowa Ailoro ba."

Aka kwashe da dariya, shi ma ya yi, don mutum ne mai son raha. Sai da dariyar ta lafa Ermelinda ta lura cewa daga gefe guda ta fito. Mutanen Ailoro suna tsaye a inuwar katanga, kowa ya kafa wa ƙafarsa ido.

A gida ta tarar da mahaifiyarta, Inna Domingas, tana tsince gahawa a faifai.

"Na ji kin iya magana," in ji tsohuwar, ba ta ɗago ba.

"Inna, don ku nake yi."

"Wa ya aike ki? Ke yarinya ce lokacin waccan ƙuri'ar ta neman 'yancin kai, a shekarar casa'in da tara. An ce mana ita ma tambaya ce kawai. Kwana biyar da jefa ta gari ya ci wuta, da gidan wanda ya ci da na wanda ya faɗi. Da ƙura ta lafa aka ce Ailoro ce ta zaɓi ɗaya gefen. Ubanki ya fita neman akuyarsa, har yau muna jiran sa."

"Wannan fa na kujeru ne, Inna."

"To saurara. Tsarin Zeferino yana da kirki ɗaya. In an faɗi, gobe kowa sai ya ce ai shi ma mai nasara ya zaɓa, a wuce wurin. Naki kuwa, wanda ya faɗi a ba shi kujera, ya zauna a kai a tsakiyar gari kowa na kallon fuskarsa. Wannan ne gatan?"

Ermelinda ta ji haushi, ta kuma ji tsoro, amma haushin ta bari ya fito. Ta ce ai tsoro ne ya hana su ci gaba. Tsohuwar ta ci gaba da tsintarta.

Ranar ƙuri'a, tun raɓa ba ta bushe ba mutanen Ailoro suka cika gaban makaranta. Ermelinda ta yi murna, sai kuma ta ga ƙunshin kayan da suka zo da shi. Kowace mace da ɗauri a ka, kowane namiji da tabarma a naɗe da adda. Mutum zai shiga, ya fito da tawada a yatsa, ba zai gai da kowa ba, sai ya miƙe hanyar dutse. Ɗaya bayan ɗaya, har da masu goyo. Ta kira Inna Domingas sau biyu, tsohuwar ta wuce ta kamar ba ta san ta ba.

Da rana ta take ta leƙa unguwar. Kai, ba zan so in ga abin da ta gani ba. Kowace ƙofa a wangale, don mai zuwa kada ya sha wahalar ɓallewa har ransa ya ɓaci. A bakin kowane gida an ajiye tukunyar dafaffiyar masara da cokali, mai ɗumi, ko wanda ya zo zai ci ya ji kunyar ƙyasta ashana. An kwance aladu suna yawo a tsakar gidaje. A ɗakinsu an cire hotuna daga bango, sai ƙusoshi. Wani rediyo da aka manta yana ta magana shi kaɗai a gidan maƙwabta. Ta tsaya a tsakiyar hanya ta ji tsigar jikinta na tashi da rana tsaka.

Da la'asar aka zazzage akwati. Tsohon tsari ya samu ɗari uku da goma sha ɗaya. Nata ya samu sittin da uku. Kowa a Bualeki ya san masu jefa ƙuri'a a Ailoro sittin da uku ne cif. Duk tsoron da suke ji, ba wanda ya bar 'yarsu ita kaɗai, har da uwar da ta yi mata faɗa.

Zeferino ya rubuta lambobin da alli a allon ƙofar majalisa, manya-manya. Ya ja baya ya daɗe yana kallon ta ƙasan.

"Ashe duk kun fito," ya ce, yana murmushi. "Ku shigo a sha gahawa mana, Malama. Ina mutanen naki?"

Ni dai na san shi, na yi imani ba ya nufin komai. Amma ita a lokacin ta kasa gane wane irin murmushi ne, sai ta ce tana zuwa.

Hawan dutsen ya ci mata awa guda da rabi. Hazo ya sauko tun kafin ta kai kogon da mutanenta suka fake, har ba ta ganin tafin hannunta sosai. Ba ta ji motsin komai ba, sai da ta kusa taka ƙafar wani ta gane suna nan, zaune a jere cikin duwatsu, mutum sama da ɗari, ko jariri bai yi kuka ba. Ba su hura wuta ba. Idanuwa ne kawai suka juyo gare ta.

"An ƙirga," ta ce. "Lafiya lau. Ba abin da ya faru, ku taso mu koma."

Ba wanda ya motsa. Muryar Inna Domingas ta fito daga ciki.

"Wa ya ci?"

"Su."

"Mu nawa aka samu?"

Wani tsoho ya riga ya ɗora hannu a kan ƙunshinsa, fuskarsa na kallon hanyar da ta yi yamma, wadda ke ɓullewa iyakar ƙasa. Ermelinda ta ga hannun. Shekara biyu tana yaƙi don a faɗi wannan lambar a bainar jama'a, ga ta yanzu a bakinta, ta kuma san in ta faɗe ta Ailoro ba za ta ƙara kwana da mutum ba.

"Babu ko ɗaya, Inna," ta ce. "Gari duka gefe ɗaya ya zaɓa. Ba a ga namu ba sam."

Aka sauke numfashi a tare, mai tsawo. Wata ta yi alamar gicciye, wani jariri ya fashe da kuka, aka fara naɗe tabarmi. Inna Domingas ta fito ta shafa mata kai, ta ce Allah ya yi mata albarka.

Ermelinda ba ta jira su ba. Ta tuɓe takalmanta ta riƙe a hannu, ta gangara da gudu cikin hazon tana kuka, don ta riga su isa wurin allon ta goge.