Dajin da Babu Waliyyi

A garin Passau, bakin kogin Donau, babu mai buɗe shagon zanen hoto sai dattawan sana'ar sun duba aikinsa sun yarda. Wanda suka ƙi, sai ya bi jirgin gishiri ya nemi wani gari. Abin da ya hana Erhart kafinta cin abinci ke nan, don ɗa ɗaya gare shi, Veit, kuma yau ce ranar da za a duba zanensa.

Erhart ne ya fere allon da hannunsa, amma bai ga zanen ba sai da aka yaye ƙyallen da ya rufe shi a zauren dattawa. Dogayen itatuwa ne sun tokare sama, gansakuka na reto a rassansu, hazo kwance kan ruwa, can nesa duwatsu shuɗaye. Ko mutum ɗaya babu, alhali a garin ba a yin zane sai da hoton waliyyi a ciki.

"Veit," ya raɗa masa, "ina waliyyin? Kashe ni za ka yi?"

"Baba, ka yi shiru ka kalla."

Shugaban dattawan, tsoho Sigmund, ya ƙyalƙyale da dariya. "Kai ɗan kafinta, mun ce ka kawo zane, ka kawo mana itacen girki! Ko waliyyin ya tafi ba-haya ne?"

Zaure ya ɗauki dariya. Erhart ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Sigmund ya matsa kusa, wai bari ya leƙa bayan itatuwa ya nemo shi. Ya duba gindinsu, ya bi rassa, ya gangara bakin ruwa da ido. Dariyar ta mutu. Tsakiyar bazara ce, kowa gumi yake yi, amma sai ga tsohon ya ja wuyan rigarsa ya rufe ƙirji, ya hau saka maɓalli.

"Maigida, sanyi kake ji?" in ji wani dattijo.

Sigmund ya dubi yatsunsa a kan maɓallin. Ya dubi dajin.

"Ja'irin yaro," ya ce, "ka sa mini mura. A ba shi shago."

Erhart bai san lokacin da ya sungumi allon ba. Ya fito titi da shi bisa kai, yana ta ihu wa masu jirgin gishiri: "Ku tafi abinku! Nawa yana gida!"