Ranar da Zazzaɓin Dogo Ya Sauka

Ni tela ce, kuma idan aka faɗa mini awo sau ɗaya ba na mantawa. Don haka da likita ya duba takardar gwajin jinin maigidana ya ce dengi ne, wani zazzaɓi da sauro ke kawowa, na kasa kunne kamar ana ba ni awon riga.

"Wannan zazzaɓin ba shi da allurar da ke kashe shi," in ji likita. "Ku koma gida. Ya sha ruwa, ya ƙara sha. Farasitamol kaɗai za ki ba shi, ban da maganin ciwon jiki na kemis, yana jawo zubar jini. Kullum da safe ku zo a duba jininsa. Sannan ki riƙe wannan da kyau: ranar da zazzaɓin ya sauka, ranar za ki fi sa masa ido. In kin ga ciwon ciki, ko amai ba tsayawa, ko jini a dasashi, ko hannu ya yi sanyi, ki kawo shi ko a goye ne."

Maigidan nawa, wanda kowa ke kira Dogo, facin taya yake yi a bakin titi. A bayan gidanmu akwai tulin tsofaffin tayoyi da ya hana a zubar, wai wata rana za su yi amfani. Sun kuwa yi, amma ga sauro, don a ruwan saman da ya kwanta a cikinsu ya hayayyafa. Shekara uku ina mita a kan tayoyin nan. Ganin mutum kwance yana nishi, idanu jawur, kowace gaɓa na ciwo, sai na haɗiye maganata na ajiye ta sai ya warke.

Na samo babbar gorar ruwa na yi mata layi-layi da allin ɗinki, don in riƙa ganin abin da ya sha daga safe zuwa yamma.

Da la'asar sai ga Goggo, ƙanwar mahaifinsa, wadda ta raine shi tun yana ƙarami. Ɗa ɗaya ta taɓa haifa, zazzaɓi ya ɗauke shi shekaru talatin da suka wuce, kuma ba ta yarda a tayar da zancen. Duk son da ya rage mata ta juye shi a kan Dogo. Ko zama ba ta yi ba ta nufi bishiyar gwandar da ke tsakar gida, ta tsinko ganye, ta wanke, ta daka, ta matse a tsumma. Ruwan ya fito kore shar, ɗacinsa tun daga ƙofa kake jin sa a maƙogwaro.

Ban hana ba. Washegari da muka je gwajin jini na tambayi nas, ta ce ana ta bincike a kan ganyen, ba a kai ga tabbaci ba tukuna. In zai sha kaɗan bai yi amai ba, to, amma kada ya tsaya a madadin ruwa. A nan muka raba hanya da Goggo, domin ita dokarta ɗaya ce: wanda ya sha magani ba ya shan ruwa sai bayan awa biyu, kada ruwa ya tsinke maganin. Sau huɗu take ba shi a yini. Ba sai ka yi boko ba ka san abin da ya rage wa ruwa.

"Goggo, likita fa ya ce ya yi ta sha," na ce.

"Likita ne ya yi masa tsarki yana jariri?" ta ce. "'Yar nan, ki tsaya kan kekenki, ki bar mini ɗana."

Na taɓa miƙa masa kofin ruwa a gabanta, ta fisge shi da ƙarfin da ban san tana da shi ba. Na ɗauka rigimar tsufa ce kawai. Daga nan na koma sata: da ta shiga banɗaki ko ta tayar da salla, sai in ɗura masa abin da ya samu. Dogo kuwa, namiji har namiji a gaban tayar babbar mota, a gaban Goggo ba ya iya cewa uffan.

A rana ta biyar da fara zazzaɓin, da safe na taɓa goshinsa na ji shi sanyi ƙalau. Goggo ta ɗaga hannu sama tana hamdala. Kafin hantsi labari ya zaga layi, maƙwabta suka yi ta shigowa da kwanuka, kowa na roƙon ganye, har suka bar bishiyar tsirara kamar laima da aka yage wa yadi. Dogo ya ce yau ba za shi gwajin jini ba, ya gaji da tsira masa allura, gobe ma shago zai buɗe. Goggo ta ƙara masa kofi guda na kore, wai na sallama. Ya sha, ya amayar, ta sake matso wani.

Ni dai ban yi murna ba, tsoro ne ya cika ni. Na zauna kan keke ina taka shi ba tare da na san me nake ɗinkawa ba, ido na kan ƙofar ɗaki.

Bayan azahar na shiga canja rigar matashi. Fara ce, ni na ɗinka ta, don haka ɗigon jini uku da ke gefenta ba su ɓuya mini ba. Na ɗaga leɓensa na ga jini na tsattsafowa daga dasashi. Na kama hannunsa, sanyi kamar ƙarfen almakashi. Ya dunƙule yana riƙe da ciki. Na dubi gora: ruwan na nan a kan layin da na bar shi tun safe, kuma na tuna rabonsa da banɗaki tun asuba.

Na fita na buga wa maƙwabcinmu mai tasi ƙofa, na dawo na samu Goggo ta tare bakin ɗaki.

"Ina za ki kai shi? Mutum ya warke, barci kawai yake so."

"Goggo," na ce, "shekara goma sha ɗaya ban taɓa musa miki ba. Yau zan yi, ki yafe mini daga baya. Ki matsa, ko ki kama ƙafafunsa mu ɗauka tare."

Ta dube ni, ta dubi rigar matashin da ke hannuna. Sai ta sunkuya ta kama ƙafafun.

A asibiti ba su tsaya tambayar kati ba. Nas ɗin nan ta gan mu tun daga nesa ta turo gado. Aka ɗaura masa ƙarin ruwa, aka ɗebi jini, likita ya zo ya ce mun zo a kan lokaci, amma da mun ƙara rabin yini da magana ta canja. Na zauna a kan benci na yi kukan da na riƙe tun safe.

Goggo na tsaye a gefen gado tana kallon ruwa na ɗiga cikin jijiyarsa. Can ta ce wa nas, murya ƙasa-ƙasa, "'Yata, duk wannan ruwan ba zai tsinke masa magani ba?"

"Mama, ruwan shi ne maganin," in ji nas. "A wannan cutar, idan zazzaɓi ya sauka ne jini kan fara rasa ruwansa. Mutum sai ya yi kamar ya warke, alhali lokacin ya fi buƙatar a kula da shi."

Da Goggo ta buɗe baki, ba mu take kallo ba.

"Nawa ma haka ya yi. Kwana huɗu yana zazzaɓi, na ba shi magani, zazzaɓin ya sauka. Ya ce, Inna ƙishi. Na ba shi kofi guda a kan maganin. Washegari ya tafi." Ta goge fuska da gefen mayafi. "Shekara talatin ina ganin kofin nan."

Nas ta ajiye abin da ke hannunta ta riƙe kafaɗarta. "Ban san cutar da ta kama ɗanki ba, Mama, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma wannan na sani: kofin ruwa bai taɓa kashe mai zazzaɓi ba. Yaro ya ce ƙishi, uwa ta ba shi ruwa. Daidai kika yi."

Ban taɓa ganin Goggo na kuka ba sai ranar. Duk haushinta da na tara na kwana uku ya zube, kunya ta kama ni da na ɗauki abin rigimar tsufa.

Kwana uku muka yi a asibiti. A rana ta biyu hannun Dogo ya yi ɗumi, a ta uku ya fara tambayar wa ke kula masa da injin iska, a nan na san ya dawo. Na ciro maganar da na ajiye na ce masa tayoyin nan ko su bar gidan ko ni. Ya ce tayoyin.

Da nas ta ce zai iya sha da baki, na ɗauko gorata mai layin alli zan zuba masa. Goggo ta miƙo hannu, wannan karon a hankali.

"Kawo, 'yar nan," ta ce. "Ni zan ba shi."

Ta cika kofin fal, ta tallafo kansa, ta riƙe masa har ya shanye. Sannan ta sake cikawa.