Ɗakin da Waya Ba Ta Shiga

"Baba Kafinta, kana ji na? Ka shiga ka ce masa ni ce. Ka ce masa Auta ce."

"Na faɗa masa, 'yata. Ya sani."

"To me ya ce?"

"Bari in koma in ji."

Kafinta ya ajiye wayar a bakin tagar kicin, ya tuɓe takalmansa, ya bi ta ɗan lungun da ke kaiwa ɗakin da maƙwabcinsa Injiniya yake kwance. Tun hantsi aikinsa ke nan: ya ɗauko magana daga bakin 'ya, ya kai wa uba, ya dawo da amsa. Auta tana wata ƙasa da tsohon ciki, haihuwa yau ko gobe, babu jirgin da zai ɗauke ta. Shi kuma uban yana cikin ɗakin da sabis ba ya shiga ko kaɗan.

Abin haushin, shi Kafinta da hannunsa ya yi ɗakin. Shekarun baya, lokacin da Injiniya ya ajiye koyarwa a jami'a ya ce zai buɗe kamfani, kowa a layin ya ce karatu ya taɓa shi. Mutum da albashinsa da ofis mai sanyi, ya dawo bayan gida yana haɗa wasu ƙananan akwatuna da ake ɗaurawa a kan sanda, wai don sabis ya kai ƙauyukan da ke bayan duwatsu. Ya ce kafin ya sayar wa kowa, sai ya gwada su a inda babu wata igiyar waya ko ta rediyo da za ta shigo ta dame su. Suka shafe bango da rufi da ƙasa da ragar tagulla, suka bi da wani baƙin soso mai tsini-tsini da ke shanye ƙara, suka yi lungu mai lanƙwasa da ƙofa biyu. Kafinta ya buga ƙusa har babban yatsansa ya yi baƙi, Injiniya na bin sa da na'ura yana cewa, "Nan akwai kafa, Maigida, sake bugawa." Aiki ya yi kyau, kyan da yau ya zame musu bala'i.

Kamfanin ya girma ya koma babban ofis, yaransa suka kwashe na'urori har da wayar da ke shiga ta bango. Da wani ciwo ya ci ƙashin bayansa, Injiniya ya ce a mayar da shi ɗakin, don nan kaɗai ƙarar babura ba ta sara masa kai. Kafinta ya kwance gado ya sake haɗa shi a ciki. Yanzu nas ta ce kada wanda ya kuskura ya ɗaga shi, in ba haka ba a hannunsu zai cika.

A ciki Malama, matarsa, tana zaune a gefen gadon tana jiƙa masa leɓe da auduga. Na'urar iskar numfashi tana huci a hankali. Injiniya ya rame har agogonsa ya gangaro gwiwar hannu.

"Tana gaishe ka," in ji Kafinta.

Injiniya ya buɗe ido ɗaya. Sai da Kafinta ya sunkuya ya kai kunne bakinsa sannan ya ji shi.

"Duk daɗewar da ka yi a waje, gaisuwa kawai ta bayar?"

"Ta faɗi da yawa. Kuka take yi, ban kama duka ba."

"Kai, Maigida. A duk eriyar da na taɓa gwadawa, ban ga mai zubar da saƙo irinka ba."

Malama ta yi wata 'yar dariya da ba ta kai ko'ina ba, soso ya shanye ta.

"Tambaye ta, ƙafar tana kumburi har yanzu?"

Kafinta ya fita. Rana ta mare shi a fuska. Ya ɗauki wayar ya maimaita tambayar.

"Ƙafa? Baba Kafinta, ni ba zancen ƙafa nake ba!" Muryarta ta karye. "Ranar da na gano ya ɓoye min ciwon nan, na zazzaga masa masifa, na kashe waya a kunnensa. Bayan nan ya shiga ɗakin. Ihuna ne abu na ƙarshe da ya ji daga bakina. Ina so ya ji muryata, ni da kaina, in ce ya yafe min. Ku sa wayar a bakin ƙofa ku ƙure murya mana!"

"Mun gwada, 'yata. Kafin ta zagaya lungun ta mutu."

"To ku fasa bangon!"

Kafinta ya juya ya dubi bangon ɗakin. Ya san bangon nan fiye da tafin hannunsa, ya san ko ya ɗauko guduma yanzu, girgizar kaɗai ta isa ta ƙarasa mutumin. Ya laluba cikin ransa ko zai ji tausayi ko tsoro, bai sami ko ɗaya ba. Jikinsa duka ya zama kamar dasashin da likitan haƙori ya yi wa allura. Ƙafafunsa ne kawai ke aiki.

Ya koma ya faɗa wa Injiniya, wannan karon bai zubar da komai ba. Injiniya ya daɗe idonsa a rufe, har Malama ta taɓa kafaɗarsa.

"Ku duka uku," ya ce, yana hutawa tsakanin kalma da kalma, "ba wanda ya tuna da saƙon murya? Ta ɗauka ta turo. Ka tsaya a waje ya sauka. Ka shigo da shi."

Malama ta dafe kai. "Innalillahi. Tun hantsi ba mu tuna ba!"

Injiniya ya ƙara da cewa, "Ka ce mata kada ta tsaya gyara. Halina gare ta."

Kafinta ya fita da sauri har ya bugi ƙofar waje da kafaɗa. Ya gaya wa Auta. Ta ce, "Wayyo, ni shashasha! Yanzu, yanzu, Baba," ta kashe kiran kafin ya kai ga zancen gyaran.

Ya zauna a kan turmin siminti na gindin famfo, wayar a tafinsa. Dama Malama ta taɓa nuna masa inda zai duba: a saman allon wani ɗan rubutu yana fitowa idan Auta tana ɗaukar murya. Ga shi ya fito. Kafinta ya ƙura masa ido. Ya daɗe yana nan, sai ya ɓace, kuma babu abin da ya iso. Ya sake fitowa. Ya sake ɓacewa.

"Turo mana, yarinyar nan," ya ce da wayar. "Ko tari ne turo."

Ya yi tunanin kiran ta, sai ya ji tsoron kada kiran ya katse wanda take cikin ɗauka. A layi mai gyaran risho ya wuce yana kiran sana'arsa. Inuwar tankin ruwa ta matso ta rufe yatsun ƙafarsa, ta hau idon sawu. Rubutun ya fito, ya ɓace, ya fito. Haka uban yake, wallahi. Akwati guda sai ya kwance shi ya ɗaura har sai yaransa sun ɓoye masa sukundireba.

Can wayar ta yi ƙara. Wani ɗan da'ira ya fara juyawa, ya cika, ya tsaya. Kafinta ya miƙe, gwiwarsa ta yi ƙas, ya shiga lungun da wayar a gaba kamar mai ɗauke da kofin da ya cika da ruwa.

Tun kafin ya tura ƙofa ta biyu ya lura ba ya jin hucin na'urar.

Malama tana zaune inda take. Ta cire masa robar hanci ta naɗe ta a kan teburi, ta rufe masa ido. Audugar tana hannunta har yanzu.

"Ya cika," ta ce, da irin muryar da ake cewa an ɗauke wuta. "Ba ka daɗe da fita ba."

"Allah ya jiƙansa," in ji Kafinta. Ya ji bakinsa ya faɗa, shi dai bai san ya faɗa ba. Ya dubi wayar, ya rasa inda zai ajiye ta.

"Ya iso?"

"Ya iso."

"Kunna masa."

"Malama..."

"Kunna masa, Kafinta. Nasa ne."

Ya danna. Malama ta karɓa ta kai kusa da kunnen mijinta.

"Abba, ni ce," in ji Auta. Ta ja hanci, ta ɗan yi dariya. "Na goge da yawa kafin wannan, duk kuka ya ɓata su, na san kuma ba ka son saƙo mai hayaniya. Wannan ya fita sosai, ko? Abba, ka yafe min. Tsoro ne ya sa ni ihun nan, ba raini ba. Ƙafar ta saɓe. Yaron yana ta harbi na tun ɗazu, ina jin shi ma gaisuwa yake. In ka ji, ko 'to' ce ka ce, Baba Kafinta ya ɗauko min a wayar. 'To' kawai ta ishe ni."

Saƙon ya ƙare. Malama ba ta janye hannunta ba sai da allon ya yi duhu. Sannan ta miƙa wa Kafinta wayar ba tare da ta dube shi ba.

"Za ta kira," ta ce. "Ni ba zan iya ba."

Ya karɓa. Ya ja ƙofar ciki ya rufe a hankali, ya taka cikin lungun har inda ya lanƙwasa. Daga nan yana hango hasken tsakar gida da takalmansa a bakin ƙofa, ɗaya ya kife. Ya jingina da bangon da ya buga da hannunsa, ya tsaya a daidai inda sabis bai fara ba tukuna.