Rabin Ƙwayar Kaka

Ka gan shi, kada ka ce ba ka gan shi ba. Ranar da ka kai rigunanka shagon wanki da guga na bakin titi, yana nan a ƙofa, ɗan kare ja mai kunne ɗaya a kwance, ya cusa kai cikin bokitin ruwa yana sha kamar an sa shi aiki. Ka ga haƙarƙarinsa a waje. Ka tattare ƙafar wandonka, ka tsallake shi, ka tambayi yaushe kayanka za su fito. Iyakar abin da ka yi ke nan.

Ita ma Auta, mai shagon, ta ɗauki kwanaki tana kau da kai. Sitaci ake ce wa karen, don tun yana kwikwiyo ya faɗa robar sitaci ya fito gashinsa a sandare. Bai cika shekara ba. Da can ba abin da ba ya ci, har safar mutane. Yanzu kuwa sai ruwa, sai fitsari a kowane lungu, sai amai, ga wani wari da ke fita daga bakinsa.

“Zafin gari ne,” in ji Yaya, wanta, wanda ke rarraba kayan mutane a bayan babur. “Ni ma ai ina shan ruwa.”

“Kai ma kana fitsari a ƙarƙashin teburin guga?”

“Kare ne fa, Auta. Zai tsinki ciyawa ya ci ya warware.”

Kaka, wadda aikinta a shagon shi ne haɗa safa da ’yar uwarta da sa wa kowa ido, ta ce, “Ku ƙyale shi, ina kula da abina.”

Abin da ya tayar da Auta injin wanki ne. Sitaci ba shi da abokin gaba kamarsa: da zarar ya fara juyin matse kaya, sai karen ya taso da haushi kamar zai cinye shi. Ran nan da safe injin ya yi ta rawa har ya gaji, Sitaci yana kwance, ko kunnen nan mai lafiya bai ɗaga ba. Auta ta kashe dutsen guga. Ta ji a jikinta cewa in ta bari har gobe, rami za a haƙa. Ta ɗauke shi, za ta kai shi asibitin dabbobi.

Mai tasi na farko da ya ga kare ya taka mota. Na biyu ma haka. Sai ta kwantar da Sitaci a kwandon kaya, ta lulluɓe shi da tawul. Kaka ta ɗauki sandarta ta ce ƙafarta ƙafar Auta, ita ta san ciwon yaron nan.

“Kayan wanki ne?” in ji direba na uku.

“Kwandon wanki ne,” in ji Auta.

Suna tsakiyar hanya tawul ya yi atishawa. Direba ya kalli madubi.

“Ni ce, ɗana,” in ji Kaka. “Mura nake. Kalli gabanka.”

Likitar dabbobi mace ce gajera, tabarau a goshi. Ta ɗaga leɓen Sitaci, ta ja fatar wuyansa ta saki, fatar ta tsaya cak ba ta koma ba. Ta danna gefen cikinsa, ya yi ƙara.

“Ina zargin ƙoda,” ta ce. “Sai na ga jini da fitsari.”

Jini ba wuya. Fitsarin ne aiki. Aka ba Auta ɗan faranti, aka nuna mata bayan asibiti. Matar da manyan mutane ke roƙo ta goge musu kwat, ga ta a tsugune tana bin ɗan kare daga bishiya zuwa bishiya tana cewa, “Haba Sitaci, a shago ba ka jin kunya, sai nan?”

Da sakamako ya fito, likita ta sauko da tabarau kan hancinta.

“Ƙodar ce. Amma ƙaramin kare irin wannan ba ya tashi haka kawai da ita. Me ya haɗiya? Kuna da ruwan cire tabo a shago?”

“Yana saman kantar shago, a kulle.”

“Maganin ɓera?”

“Ba ma sawa.”

“An ba shi wani magani?”

“A’a,” in ji Auta.

“An ba shi mana,” in ji Kaka, tana gyara zama da alfahari. “Wa kuke jin ya warkar da ƙafarsa? Tun da babur ɗin wancan sakaran Yaya ya take shi yake ɗingishi, ba wanda ya kula. Ni kuwa na san ciwon ƙafa. Kullum da safe in na ɓallo ƙwayar gwiwata sai in raba biyu, rabi nawa, rabi nasa a cikin burodi. Ni da nake babba ma rabi na koma sha saboda shi.”

Ta zaro fakitin daga jaka ta miƙa, tana jiran yabo.

Likita ta duba, ta ajiye a hankali. “Mama, wannan yana kashe wa mutum ciwo, amma kare ƙodarsa yake ci.”

“Ko rabi?”

“Ko gutsure.”

Kaka ta kalli kwandon. “Da hannuna?” ta ce, a hankali.

Auta ta tashi yin faɗa, sai ta tuna nata laifin. Kullum da safe tana ganin tsohuwar tana sunkuyawa da lomar burodi, tana ganin yadda take danna wani abu a tsakiya da babban yatsa. Sau nawa ta tambaya? Tana da riguna a gabanta. Ta kama hannun Kaka ta riƙe.

“Zai rayu?” ta tambayi likita.

“Ban yi alkawari ba,” in ji likita. “Za mu riƙe shi, mu sa masa ƙarin ruwa, mu ga ko ƙodar za ta farfaɗo. Da kun ƙara jinkiri, da ba wannan maganar muke ba.”

Shagon ya yi shiru kwanaki. Yaya mai cewa kare ne fa, shi ne ya riƙa karkata babur ta asibiti kowace safiya, wai hanya ce ta biyo da shi. Kaka ta haɗa safar wani baƙa da shuɗiya, abin da ba ta taɓa yi ba.

Ranar da aka sallame shi, likita ta ce ƙodar ta farfaɗo amma ba duka ba: abinci na musamman, ruwa mai tsabta a kusa, a dawo a sake gwaji. Ya dawo a rame, an aske masa ƙafa ɗaya wurin allura. Auta ta kunna injin. Da ya fara juyi, Sitaci ya ɗaga kai, ya miƙe yana tangaɗi, ya yi haushi ɗaya, a dishe.

“Ka ji mara kunya,” in ji Kaka, tana share ido da safar wani.

Yanzu ita ce mai gadinsa. Wanda duk ya miƙa masa ko ɓawon burodi sai ta ɗaga sanda: “Me ke ciki?”

To, saura kai. Akwai kare ko kyanwa a gidanku ko a layinku da ke shan ruwa ba ƙaƙƙautawa yana ramewa, kuma ka san wanda nake nufi. Daina cewa zafin gari ne. Tambayi mutanen gidan me suke ba shi. Mayar da ƙwayoyinka cikin aljihun tebur ka rufe. Nemo kwando da tawul, ka kai shi wurin likitan dabbobi yau.