Tayil a Bayan Gida

Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da Baba, ƙafarsa ta hagu ta zama kamar ta aro. Ko allura ka soka mata, sai dai ya bi ka da ido. Wuri ɗaya tak take tuna cewa tasa ce: ɗan filin ciyawa da ke bayan gidan ɗansa Injiniya, inda yake zaune yanzu. Kullum da asuba zai tuɓe takalmi, ya dogara sanda, ya taka raɓa yana tasbihi. Sanyin kan ratsa tafin ƙafar ya hau har gwiwa. "Daga ƙasa aka yi mu," yakan ce, "shi ya sa ta san ni." Barcinsa ya daidaita, har ya fara mance sandar a ɗaki.

Shi kuwa Injiniya abin ya tsaya masa a rai. Wai abokansa sun ga mahaifinsa ba takalmi, kamar marar gata. Ya sayo takalma har suka cika ƙarƙashin gado, Baba ko kallo ba su ishe shi ba.

Da Baba ya je wurin 'yarsa ya yi 'yan kwanaki ya dawo, Injiniya ya tarye shi baki har kunne, ya ja shi bayan gida.

Tayil! Fari fat, daga bango zuwa bango, ko tsinken ciyawa ba a bari ba. Kai, wani karatun dai asarar alli ne.

"Ka gani, Baba? Yanzu ba laka, ba ƙaya."

Baba ya tuɓe takalmi ya taka. Ƙafar dama ta ji santsi. Ta hagu shiru. Ya sake dangwalawa, shiru. Ransa ya ɓaci.

"Wa ya aike ka? Ka tambaye ni? Kai da ka yi rarrafe a ƙasa, kana ɗurawa a baki uwarka na ƙwaƙulewa, yau kai ne mai ƙyamarta? Ba ƙafata ka tausaya wa ba, kunyarka ka rufe da siminti!"

"Baba, mutane ne suke..."

"Mutanen ne za su ara mini ƙafa?"

Washegari da hantsi, daidai lokacin da maƙwabta ke fito da motocinsu, ƙofar gida ta yi ƙara. Baba ne ya fito titi, ƙafa tsirara, yana jan ta hagu kii, kii. Ya nufi 'yar ciyawar da ta tsiro a bakin kwata. Sai ga Injiniya a guje, takalmi a hannu.

"Baba, don girman Allah, ana kallonmu!"

"Su kalla. Riƙe takalminka da kyau, ai kai ka saya."

Ya ɗora ƙafar a kan ciyawar, tsakanin ledoji da ruwan wanke-wanke, ya rufe ido yana jira ta amsa.