Kiran Bakin Rijiya

Asibi ta ɗaure wasiƙar a gefen zane, ta ja hannun 'yarta Zuhaira suka nufi rijiya. Direban motar Tanout ne ya kawo wasiƙar da hantsi, daga ɗanta Yahuza da ke aikin soja can gabas, inda babu rezon waya. Zuhaira ta karanta mata a ɗaki. Yanzu saura mai wuyar.

Tun ranar da Yahuza ya ajiye igiyar rijiya ya shiga soja, ubansa Ɗan Azumi bai ƙara ambaton sunansa ba, balle ya sa masa albarka. Abin da ke cin Asibi ke nan: yaro yana gaban harsashi, ubansa na fushi da shi.

Suka tarar da tsohon a bakin rijiya. Rijiyoyin Damargu zurfi gare su, sai raƙumi ya ja igiya ya yi nisa kafin guga ya fito. Yana fitowa Ɗan Azumi ya ɗaga murya, "Hoo-ayy!" Raƙumin ya ja birki, ya juyo da kansa.

"Malam, takarda ta zo," in ji Asibi.

"Ba ni da kowa mai rubuto mini takarda."

"To, ni aka rubuto wa. Karanta, Zuhaira. Rijiya ba ta mutum ɗaya ba ce."

Asibi ta kwance wasiƙar daga gefen zane ta miƙa mata. Zuhaira ta fara:

"Bayan gaisuwa, Inna, muna lafiya. Ranar Laraba da sassafe 'yan bindiga suka kawo mana hari a kan raƙuma. Motarmu ta tafi ɗebo ruwa da rabin mutanenmu, harsashinmu kuma kaɗan ne. Wallahi na ji tsoro. Sai na tuna makiyaya sun kawo mana kuka an sace musu raƙuman jan ruwa. Na ce ko su ne waɗannan? Na hau kan buhunan yashi, Sarjan Hamidu yana ja mini ƙafa, na yi kiran Baba iya ƙarfina."

Ɗan Azumi ya ci gaba da juye ruwa a komi, amma rabi a ƙasa yake zuba.

"Inna, da kin ga abin dariya. Raƙuman gaba suka tsaya cak, suka juya, na baya suka afka musu. Wani ya faɗo ta wuya, wani yana dukan nasa, raƙumi kuwa ya ce shi aikinsa ya ƙare, guga ya fito. Kafin su gyara zama mun buɗe wuta. Suka watse a ƙasa, ko takalmi wasu ba su tsaya ɗauka ba. Ba mu rasa kowa ba. Raƙuman mun mayar wa masu su. Yanzu duk bariki Mai Guga suke kirana. Ki gaida Baba, in zai amsa."

Masu ban ruwa da suka matso suka ɗauki sowa. Wani Buzu ya ce a sake karanta wurin faɗowa ta wuya. Asibi dai mijinta take kallo.

Tsohon ya naɗe igiya a hankali, ya yi gyaran murya.

"Sa'a ya yi," ya ce. "Shi da kullum yake yanke kiran da wuri."

"Haka ne, Malam."

"Ke Zuhaira, direban yaushe zai koma?"

"Jibi, Baba."

"Rubuta wa Yahuza ya riƙa jan ƙarshen kiran, kada ya kunyata ni cikin mutane." Ya juya musu baya, ya jefa guga. "Ki sa a ƙasa, ubansa ya ce Allah ya yi masa albarka."

Asibi ba ta jira jibi ba. Ta tura Zuhaira gida da gudu ta ɗauko alƙalami.