Hutu a Gidan Inna

Da na gama sakandare, Baffa Sambo ya kwashe mu daga Kebbe zuwa Yamai, ni da ƙanwata Khairat, mu yi hutu wurin Inna. Tun ina firamare aurenta da babanmu ya mutu, ta koma can. Abu ɗaya na je nema: ta dube ni, ta yi mini magana.

Muna shiga ta rungume Khairat tana kuka. Ni kuwa ɗan fari ne, kunyata take ji. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa tana kallon bango.

Mijinta ya zaga da mu gari. Mun shiga kwalekwale, mun ga dorina. Khairat tana ta ɗaukar hoto, ta ce, "Saki fuska mana, Mu'awiyya! Sai ka ce gaisuwar mutuwa ka zo."

Ranar komawa Inna ta rako mu zaure. Na tsaya kusa da ita, na ƙi gaba. Ta gyara wa Khairat mayafi, ta ce, "Ki ce ma wancan shi riƙa cin abinci. Ya rame."

"Ga shi nan, Inna, faɗa mishi."

Inna ta juya ta koma ciki. Baffa ya ce mota na jira.